'Yan Kallo Hattara: Maigadin Kwamfuta Na Bogi

Kana cikin sauke sabon fim, sai kwamfuta ta yi jawur: wai cuta ta cika ta, ka biya a wanke. Malam, kada ka danna! Maigadin nan shi ne ɓarawon.

A 2008 kotu a Amurka ta taka wa masu WinFixer da XP Antivirus birki, bayan sun damfari mutum fiye da miliyan 1.

Gane shi ba wuya: ba kai ka sa shi ba, sai razanarwa, sai talla, sai neman kuɗi. Katse intanet, rufe shafin ta Task Manager, goge baƙuwar manhajar, ka bi da Microsoft Defender.

Editoci kuwa, ku adana aikinku a wani faifan, kar fim ɗin furodusa ya salwanta.