Matsi: Daga Ƙarfe Zuwa Jikin Ɗan'adam

1.0 Gabatarwa

A Ingilishi, kalma guda ce injiniya da likita da masanin tsirrai suke amfani da ita wajen bayanin nauyin da ya danne abu har yana neman fin ƙarfinsa. A Hausa kuwa sai mu ce damuwa in mutum ne, ƙishi in shuka ce, nauyi in ƙarfe ne. Wannan takarda ta zaɓi kalmar "matsi" domin ta tattaro su duka, kuma za ta nuna abin da bincike ya gano game da shi a fannoni uku.

2.0 Matsi a Jikin Ƙarfe

Masana kimiyyar kayan gini ne suka fara auna matsi. A wajensu, matsi shi ne ƙarfin da aka ɗora wa abu idan aka raba shi da faɗin wurin da ya ɗauke shi. A shekarar 1678, Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa sifirin yana miƙewa ne gwargwadon nauyin da aka rataya masa, kuma in an cire nauyin sai ya koma yadda yake. Amma abin yana da iyaka. Da zarar an wuce ta, ƙarfen zai lanƙwashe ko ya karye.

A tsakiyar ƙarni na 19, August Wöhler, wani injiniyan jirgin ƙasa a Jamus, ya gano abin da ya fi wannan ban tsoro. Sandar ƙarfen da ke riƙe ƙafafun jirgi takan karye ko da nauyin bai kai iyakarta ba, muddin dai an yi ta maimaita shi. Wannan shi ake kira gajiyar ƙarfe. A shekarar 1954, jiragen sama biyu samfurin Comet sun tarwatse a sama kusa da Italiya, mutum 56 suka rasu. Masu bincike a Farnborough suka saka gangar jikin wani jirgin a cikin tankin ruwa, suna ƙara matsi suna ragewa kamar yadda ake yi a kowane tashi da sauka. Bayan kimanin sau 3,000, sai jikin ya tsage daga kusurwar wata taga. Gaskiyar Bahaushe da ya ce yau da gobe ka sa allura ginin rijiya.

3.0 Matsi a Jikin Mutum da Dabba

A shekarar 1915, Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ya bayyana yadda jiki yake shirin faɗa ko gudu idan ya ga haɗari. Akwai wasu ƙullutai biyu a saman ƙoda masu sakin sinadarin adiranalin cikin jini. Nan take zuciya ta ƙara bugu, numfashi ya yi sauri, sukari ya ƙaru a jini.

Sai kuma Hans Selye, wanda ya yi gwaji da ɓeraye a Jami'ar McGill ta Kanada, ya buga sakamakonsa a mujallar Nature a shekarar 1936. Ko sanyi ya sa musu, ko guba, ko aikin wahala, alamomin iri ɗaya ne: ƙullutan saman ƙoda su kumbura, wasu sassan garkuwar jiki su ƙanƙance, gyambo ya fito a ciki. Ya kasa abin mataki uku, wato firgita, da jurewa, da ƙarewar ƙarfi. Shi ne ya yaɗa kalmar injiniyoyi a fagen likitanci.

A yau an san cewa matsi na ɗan lokaci kariya ne. Wanda ya daɗe shi ne matsala, domin sinadarin kotizol da tashin bugun zuciya in suka ɗore sukan taimaka wajen hawan jini, da rashin barci, da raunin garkuwar jiki. Sai dai ba kowace cuta ake ɗora wa damuwa ba. An daɗe ana cewa ita ce tushen gyambon ciki, har Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke haddasa mafi yawansa. Wannan ya sa suka sami kyautar Nobel a 2005.

4.0 Matsi a Jikin Shuka

Shuka ba ta iya gudu, saboda haka a tsaye take kare kanta. Idan ruwa ya ɗauke, takan samar da wani sinadari mai rufe ƙananan kafofin ganye don kada ruwan jikinta ya tsere. Manomi ya san alamar, domin yakan ga ganyen dawa ko masara ya naɗe da tsakar rana. Amma ta waɗannan kafofi ne shuka ke shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita. In farin ya daɗe, girma ya tsaya, amfani ya ragu.

5.0 Kammalawa

Fannonin uku sun haɗu a kan cewa komai yana da iyakar abin da zai ɗauka, kuma maimaici yakan karya abin da bugu ɗaya bai karya ba. Bambancin shi ne, tsagar ƙarfe ba ta warkewa da kanta, amma mai rai yana gyara kansa. Tun a 1892 Julius Wolff ya nuna cewa ƙashi yana ƙara ƙwari daidai da nauyin da yake ɗauka. Shi ya sa ƴan sama-jannati suke rasa kimanin kashi 1 cikin 100 na ƙwarin wasu ƙasusuwansu a kowane wata, saboda babu nauyi a kansu. Ke nan jiki yana bukatar matsi daidai gwargwado, tare da hutun da zai ba shi damar gyara kafin wani nauyin ya zo.