Tsallen sanda: daga rafin ƙauyenmu zuwa gasar jami'o'in duniya

Yau ba siyasa, ba tsadar taki. Wasa za mu taɓa, amma ku bi ni a hankali, akwai inda na nufa.

Duk wanda ya tashi a ƙauyukan Funtua ko Malumfashi ya san yadda damina take. Ruwa ya cika kwari, kana son zuwa gona, sai ka samu doguwar gora ka sheƙo a guje, ka kafa ta, ka tsallake. Mun yi wannan muna yara, har gasa muke yi. Wallahi sai da na shiga jami'a na san cewa abin nan wasa ne da ake ba wa mutum zinare a kansa. Bambancin kawai, mu nisa muke nema, su kuma sama suke nema.

To yaya ake yinsa? Ɗan wasa zai riƙo sanda mai tsawon kusan mita 5, ya yi gudu na kamar mita 40, ya soka bakinta a wani ɗan rami da aka tanada. Ƙarfin gudun ne ke lanƙwasa sandar, in ta tashi miƙewa sai ta cilla shi sama. A nan zai juya, ƙafa sama kai ƙasa, ya haye karan da aka gitta, ya faɗo kan katifa mai kauri. Sau uku ake ba ka dama a kowane tsayi. Ka kayar da karan sau uku a jere, ka fita. Kana iya ƙin tsallake wani tsayi don ka adana ƙarfi, amma fa in ka gaza a na gaba, ka yi biyu babu. Ka ga ke nan har da lissafi da dakiya.

Kuma kada ku raina gora. Da ita Ba'amurke Cornelius Warmerdam ya tsallake mita 4.77 a 1942. Daga baya ne aka koma sandar ƙarfe, sannan ta zamani mai lanƙwasuwa. Da ita Sergey Bubka ya fara haye mita 6 a 1985, kuma a Satumbar 2025 Armand Duplantis na Suwidin ya kai 6.30 a Tokyo.

Yanzu batun ɗalibai. Akwai gasar jami'o'in duniya da hukumar FISU ke shiryawa, wadda aka fara a Turin ta Italiya a 1959. A ta 2019 da aka yi a Nafoli, wanda ya ci zinaren tsallen sanda na maza shi ne Ernest John Obiena daga Filifin, da mita 5.76. Filifin fa, ba ƙasar da aka sani da wasan ba. Mahaifinsa ɗan tsallen ne, daga baya kuma ya samu horo a Italiya wajen Vitaly Petrov, kocin da ya horar da Bubka. Shekara huɗu bayan Nafoli, a 2023, ya haye mita 6, ya kuma ci azurfa a gasar duniya a Budapest. Ku nemi bidiyonsa a YouTube ku gani.

Ga inda na nufa. Mu ma muna da gasar jami'o'in Najeriya, NUGA, tun 1966. Amma shekarun da na yi a jami'a, ban taɓa ganin katifar tsallen sanda da idona ba. Filinmu ƙwallo ce kawai. Yaron da ba shi da ƙafar ƙwallo, ko da yana da gudu da ƙarfin hannu irin na mai noma, an gama da shi. Obiena bai fi yaranmu jiki ba. Kayan aiki ya samu, da wanda zai nuna masa.

Gargaɗi ɗaya, don Allah: kada wani ya ji wannan ya ɗauki gora ya je ya gwada a ƙasa tsura. Abokina na yarinta karaya ya samu a hannu, alhali kwari kawai muke tsallakewa. Ba katifa, ba koci, to ba tsalle.

Abin da nake roƙo bai da yawa. Masu kuɗinmu da 'yan siyasar da ke sa kofin ƙwallo duk shekara, a ware wani abu a sayi katifa ɗaya da 'yan sanduna, a ajiye a fili ɗaya da makarantun shiyyar Funtua za su riƙa zuwa, a tura malamin motsa jiki ɗaya ya koyo. Mu kuma matasa mu riƙa tambaya a tarukan ƙungiyoyinmu.

Ku faɗa mini, a garinku me kuke kiran wannan tsallen na gora? Ku tura wa malamin wasanni da kuka sani. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.