Littattafan da Indiyawa Ke Karantawa a Cikin Jirgin Ƙasa

Duk Bahaushen da ya tashi da kallon finafinan Indiya ya haddace yadda labarinsu ke tafiya: ɗan talaka ya ƙyalla ido ya ga 'yar attajiri, uba ya ce sai dai bayan ransa, a yi waƙa, a sha kuka, a ba hamata iska, daga ƙarshe a ɗaura aure. Abin da ba kowa ya lura da shi ba shi ne, wasu daga cikin finafinan da suka yi tashe a kan takarda aka haife su. Fim ɗin 3 Idiots na 2009, wanda Aamir Khan ya ja, an ɗebo shi ne daga wani ɗan littafi, Five Point Someone, da Chetan Bhagat ya fitar a 2004. Shi kuwa Slumdog Millionaire, mai kyautar Oscar har takwas, asalinsa littafin Vikas Swarup ne, wani jami'in diflomasiyyar Indiya.

Idan ana hirar adabin Indiya a ƙasashen waje, sunayen da ke fara zuwa baki su ne na masu kyautar Booker ta Ingila: Salman Rushdie a 1981, Arundhati Roy a 1997, Kiran Desai a 2006, sai Aravind Adiga a 2008. Gwanaye ne, ba mai musu. Sai dai Turancinsu mai nauyi ne, wasunsu ma ba a Indiya suke zaune ba, kuma ɗalibin da ya matsu a benci yana tafiyar kwana guda cur daga Patna zuwa Mumbai ba lallai ne littafinsu ke hannunsa ba.

Abin da ke hannunsa a tashar jirgi ya saya. Tun 1877 kamfanin A. H. Wheeler ya fara kafa rumfunan littattafai a tashoshin jiragen ƙasa, daga birnin Allahabad, kuma a irin waɗannan rumfuna ne labaran 'yan sanda da ɓarayi na harshen Hindi suka ci kasuwarsu. Ana buga su a kan takarda mai arha, mai kaushi, bango kuwa jajawur da zanen bindiga da budurwa a firgice. Garin Meerut ne ya kasance cibiyar buga su. Sarkin wannan fage shi ne Surender Mohan Pathak, wanda ya shafe shekaru yana aiki a kamfanin tarho, amma ya rubuta littattafai kusan 300. Fitaccen tauraronsa, Vimal, mai laifi ne da ke gudun hukuma, kuma shi masu karatu suka fi so. Malaman jami'a sun ɗauki wannan rubutu a matsayin shara, har yara kan ɓoye shi cikin littafin makaranta. Zuwan tashoshin talabijin barkatai a shekarun 1990 ya karya wa kasuwar ƙafa.

Giɓin nan ne Chetan Bhagat ya shigo ya cike, amma da Turanci. Injiniya ne da ya koma aikin banki a Hong Kong, kuma da idon ɗan kasuwa ya dubi lamarin. Aka sa wa littafinsa rupee 95, kuɗin da ɗalibi zai iya fitarwa ba tare da ya kwana da yunwa ba. Ya yi rubutu da Turancin da matasa ke hira da shi a kwaleji, gajerun jimloli, babu kalmar da za ta tura ka neman ƙamus. Mutanen cikin labaransa kuma su ne masu karatun kansu: ɗalibin da iyaye suka tilasta wa karatun injiniya, ma'aikacin da ke kwana yana amsa wayar Amurkawa, saurayi ɗan Punjab da ya ɗauko auren 'yar ƙabilar Tamil, iyaye kowane ɓangare na hura hanci. Wannan na ƙarshe, 2 States, daga labarin aurensa ya ɗauko shi. Masu sharhi sun yi masa ca, suna cewa rubutun ba gishiri. A gaskiya ba su yi ƙarya ba, don salonsa lami ne. Amma dubban matasan da a da ba su taɓa kai ƙarshen ƙagaggen labari ba, ta hannunsa suka fara, kuma masu ɗab'i suka farga cewa akwai kasuwa a ƙananan garuruwa da suka daɗe suna rainawa.

Bayansa sai ƙofa ta buɗe. A 2008 wani injiniyan kwamfuta, Ravinder Singh, ya rubuta labarin budurwarsa da suka haɗu ta intanet, wadda hatsarin mota ya yi ajalinta ana dab da baikonsu. Littafin ya sa matasa zubar da hawaye, ya kuma haifar da ambaliyar labaran soyayya. Wani abin lura, da yawa daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan layi maza ne, irin su Durjoy Datta, saɓanin namu na Kano da mata suka riƙe wa wuya. Matan ma ba a bar su a baya ba. Anuja Chauhan ta fi yawancin mazan nan iya barkwanci da sarrafa zance.

Wani reshen kuma ya juya ga tatsuniyoyin addinin Hindu. Amish Tripathi, shi ma tsohon ma'aikacin banki, ya sha kora a hannun masu ɗab'i kafin littafinsa na farko ya fito a 2010, inda ya mayar da Shiva, abin bautarsu, wani shugaban ƙabila daga tsaunukan Tibet, mutum mai jini da tsoka. Ya buga babin farko ya raba kyauta a shagunan littattafai, ya yi masa ɗan fim na talla a YouTube. Ashwin Sanghi kuwa yakan cuɗa tsohon tarihi da makircin siyasar yau. Mai neman labarin tada hankali mai zurfi sai ya nufi Sacred Games na Vikram Chandra, shafi kusan 900 kan wani ɗan sanda mabiyin addinin Sikh da uban 'yan daba a Mumbai, wanda Netflix ta mayar fim mai dogon zango a 2018.

Daga kan Bhagat zuwa nan duk a Turanci ne, alhali kundin tsarin mulkin Indiya ya amince da harsuna 22, kuma mafi yawan rubutu a cikinsu ake yi. Can ne ma alƙalami ke da haɗari. Perumal Murugan, marubucin Tamil, ya rubuta labarin ma'auratan da haihuwa ta gagara. Masu zanga-zanga suka ce ya ci zarafin al'adarsu, suka matsa masa har a 2015 ya sanar a Facebook cewa marubucin da ke cikinsa ya mutu. Sai da babbar kotun Madras ta wanke shi a 2016 ya sake ɗaukar biro. Yanzu fassara ta fara fito da irin waɗannan marubuta fili. A 2022 Geetanjali Shree ta ci kyautar Booker ta duniya da littafin Hindi, karon farko a tarihi. A 2025 kuma Banu Mushtaq, lauya Musulma daga jihar Karnataka, ta ci da gajerun labarai na harshen Kannada kan rayuwar mata Musulmi a gidajen aurensu: kishiya, talauci, miji mai juya baya. Matar Fagge ko ta Zinder ba za ta nemi a yi mata bayani ba.

Wannan kusanci wasu Indiyawa sun riga mu gani. Wani ƙaramin kamfanin ɗab'i a Chennai, Blaft, ya yi suna ne a 2008 da fassara labaran rumfar tasha na Tamil zuwa Turanci, waɗanda manya ke ƙyama. Da suka waiga Afirka suna neman ɗan'uwan wannan adabi, a Kano suka same shi. A 2012 suka buga fassarar Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wadda Aliyu Kamal ya yi.