Ƙunar wuta: abin da ya kamata a ɗaura mata

Lokacin ɗari, a ƙauyuka da rugage, ana kwana da wuta cikin ɗaki. Yara suna kewaye murhu suna jin ɗumi. Lokacin ne ƙuna ta fi yawa. Yaro ya taka garwashi, kunu ya zube wa jariri, man ƙosai ya fallatsar wa mai suya.

Da abin ya faru, kowa da nasa magani. Wannan ta kawo toka, wancan ya kawo kashin shanu, wata ta fasa ƙwai. Waɗannan ba su warkar da ƙuna. Dauɗa suke sa mata, ta ruɓe, ta yi mugunya. Kashin shanu kuwa yana iya kawo tetanos, ciwon da ke sandarar da jiki, har ya yi kisa.

Maganin farko shi ne ruwa. A yi ta zuba ruwan randa mai tsabta har minti 20, don ya kashe zafin da ke cin nama. A cire zobe da awarwaro kafin wurin ya kumbura. Kada a fasa bororo, shi ke tsare ciwon.

Bayan ruwa, sai ɗauri. Ƙunar da aka bari a buɗe, ƙuda da ƙura suna samunta. Amma ba kowane ɗauri ke da amfani ba. Auduga tana mannewa, in an zo cirewa sai ta ɓare sabuwar fata. A likita, ana sa ƙyalle mai man bazalin, wanda ba ya mannewa. A gida, a sami farin ƙyalle, a wanke, a tafasa, a shanya ya bushe. A wanke hannu da sabulu, a rufa shi sako-sako. A sake wani bayan kwana 2, ko in ya jiƙe.

Ƙaramar ƙuna da ta sami wannan kulawa tana warkewa cikin sati 2.

Amma akwai ƙunar da ba ta gida ba ce: wadda ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ta fuska, ta hannu, ta gaɓa, ta al'aura, ta jariri, da wadda ta yi fari ko baƙi. Haka nan in ta yi wari, ko jiki ya yi zafi. A rufe ta, a tafi likita ran nan, kada a jira ranar kasuwa.