ƘWARƘWATAR KAI: MAGANIN GONA BA NA KAN YARO BA NE

Ƴan uwa manoma, maza da mata, yau zancenmu a kan ƙwarƙwata ne, wadda a wasu garuruwa ake ce ma ƙeya. Abin da ya sa malamin gona ya sa baki cikin wannan magana shi ne, akwai gidajen da ke ɗaukar ragowar maganin feshin wake, ko fiya-fiya, ko kananzir, su shafa ma yara a kai. Wannan aiki yana iya kashe yaro.

Mu san ƙwaron tukuna

Ƙwarƙwata ba ta wuce ƙwayar riɗi girma ba. Ba ta da fiffike, ba ta tsalle. Rarrafe take yi daga wannan kai zuwa wancan, in yara sun haɗa kai wurin wasa, ko kwana tabarma guda, ko zama a lakkol da makarantar allo. Aron mashaci, hula da kallabi shi ma yana iya kai ta. Ba daga awaki ko kaji take zuwa ba, jinin mutum kaɗai take sha. Ba alamar ƙazanta ba ce, tana kama kai mai tsabta, saboda haka ba abin kunya ba ne.

Macen tana yin ƙwai wajen 6 kowace rana, ta manne su ga gindin gashi. Ƙwan yana ƙyanƙyashewa cikin kwana 7 zuwa 10. Bayan wajen kwana 10 kuma, ƙaramar ta girma ta soma nata ƙwai. In ta faɗo daga kai, ba ta wuce kwana 2 da rai. Ku riƙe wannan lissafi. Mai noman hatsi ya san noman farko ba ya isa, sai an yi maimai. Haka yaƙi da ƙwarƙwata yake.

Yadda za a gane ta

Yaro yana yawan sosa kai, barcinsa ba daɗi. A zaunar da shi a haske, a duba bayan kunnuwa da ƙeyar wuya. Amosanin kai yana kakkaɓewa, amma ƙwan ƙwarƙwata sai an ja shi da farce. Ƙwarƙwatar kai ba ta ɗauke da wata cuta, sai dai yawan susa yana kawo gyambo da ƙuraje masu mugunya.

Aikin da za a yi

1. A duba kan kowa a gidan rana guda, manya da yara. Duk wanda aka ga mai rai a kansa, a soma masa aiki ranar.
2. Yaro namiji, a kai shi wurin wanzami a yi masa aski da sabuwar reza.
3. Yarinya, a tsefe kitso, a wanke da sabulu, a shafa man gujiya ko man kaɗanya. Mai yana rage ma ƙwarƙwata gudu.
4. A raba gashin kashi-kashi, a bi shi da mashaci mai ƙananan haƙora, daga gindi har baki. Kowane ja, a goge mashacin a farin ƙyalle, a murtsuke abin da ya fito.
5. A sake wannan aiki ran kwana na 5, na 9 da na 13, don a kama ƙananan kafin su yi ƙwai. Kada a yi ƙaramin kitso sai an gama.
6. A jiƙa mashaci cikin ruwan zafi minti 10. A wanke kallabi, hula da rigar matashi da ruwan zafi, a shanya a rana.

In abin ya ƙi, a je likita ko famasi. Akwai magani na shafawa da aka yi don kan mutum, kamar mai permetirin ko dimetikon. Ana sake shi bayan kwana 7, don sau da yawa ƙwai yana tsira daga shafawar farko. Yaron da bai kai shekara 2 ba, da mace mai ciki ko mai goyo, a tambayi lokotoro tukuna.

Haɗarin maganin gona

Mai feshi a gona muna ce masa ya rufe hanci, ya sa doguwar riga, ya yi wanka in ya gama, don dafin yana ratsa fata ya shiga jini. To, ina ga kan yaro, wanda susa ta riga ta yi ma rauni? Kananzir kuwa yana ƙona fata, kuma yana kama wuta in yaro ya kusanci murhu ko fitila.

In an riga an shafa, yaro ya soma amai, zufa, dalalar da yawu, makyarkyata ko numfashi da ƙyar, a tuɓe masa riga, a wanke kai da jiki da sabulu da ruwa mai yawa. Kada a ba shi nono ko mai ya sha, kada a sa shi amai. A kai shi likita nan take, tare da kwalbar maganin.

Ku da kuka yi yaƙi da jahilci, ku karanta ma maƙwabta wannan takarda, ku gaya ma mai kitson unguwarku. Maganin gona kuma a kulle shi nesa da hannun yara.