Yadda Fitinar Arewa Maso Gabas Ta Yi Ta Sauya Salo

Shirinmu na yau zai duba fitinar nan da ta ɓarke a Nijeriya cikin watan Yuli na 2009, wadda mutane suka laƙaba wa suna Boko Haram, domin mu fahimci iyakar girmanta da kuma hanyoyin da ta bi tana cin rayuka.

Duk wanda ya bi diddigin tarihinta zai tarar cewa ba ta taɓa zama a kan salo guda ba. Bayan da aka kashe jagoran ƙungiyar, Muhammad Yusuf, a hannun 'yan sanda, mabiyansa suka ɓuya na kamar shekara guda, sa'an nan suka dawo suna bi ɗai-ɗai a kan babur, suna harbe 'yan sanda da masu unguwanni da malaman da suka yi musu raddi. Daga nan al'amari ya koma na bama-bamai a manyan birane: aka kai wa ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya da ke Abuja hari a watan Agusta na 2011, aka afka wa Kano ranar Juma'a 20 ga Janairu 2012, inda mutum wajen 185 suka rasu, kuma ranar 28 ga Nuwamba 2014 aka auka wa masallata a Babban Masallacin Kano, daidai lokacin da ake tayar da sallar Juma'a, aka hallaka fiye da mutum ɗari. A wannan shekara ce aka sace 'yan mata 276 a Chibok, aka kuma kama Gwoza aka yi da'awar kafa daula. Lalle abin takaici ne matuƙa, mutanen da ke iƙirarin jihadi su zama ba su bar masallaci ba, ba su bar coci ba, ba su bar makaranta ko kasuwa ba.

Da sojojin Nijeriya da Chadi da Nijar da Kamaru suka ƙwace garuruwa a 2015, sai aka tsananta tura mata da yara ƙanana ɗaure da bam cikin taron jama'a. A 2016 kuma ƙungiyar ta rabu biyu: ɓangaren Abubakar Shekau, wanda ya kafirta duk wanda bai bi shi ba, da ɓangaren da ya kafu a tsibiran Tafkin Chadi, wanda ya fi karkata ga sansanonin soja da karɓar haraji daga masunta da makiyaya.

To, masu sauraro, duk wannan shi ne abin da ya fito a labarai. Amma akwai wani lissafi da ya fi shi nauyi, wanda a ganina ba a ba shi haƙƙinsa ba. A 2021 hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa ya zuwa ƙarshen 2020 rikicin ya yi sanadin mutuwar mutum kusan 350,000 a jihohin Borno da Yobe da Adamawa, alhali waɗanda makami ya kashe kai tsaye ba su wuce wajen 35,000 ba. Sauran kuwa, yunwa da cuta da rashin magani ne suka ɗauke su, kuma mafi yawansu yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Yaya haka ta faru? Manomin da aka raba da gonarsa, aka tsugunar da shi a Bama ko Dikwa ko Monguno cikin garin da aka kewaye da ganuwa, wanda ba ya iya yin nisa daga ƙofar gari sai ya sayar da ransa, ba shi da abin da zai kai rumbu, balle abin da zai sayar ya sayi magani. Asibitocin karkara an ƙone su, ma'aikatansu sun watse. Hatta matakan da hukumomi suka ɗauka domin toshe wa maharan hanyar samun kuɗi, kamar hana cinikin kifin tafki, da rufe kasuwanni, da hana fataucin tattasai a yankin Diffa na Nijar, sun faɗa ne a kan talakan da ba shi da laifin tsaye balle na zaune.

Wanda yunwa ta matsa wa har ya fita neman abinci kuwa, shi ne ake tarewa a daji. Ranar 28 ga Nuwamba 2020 manoman Zabarmari suka tafi yankan shinkafa a fadamar Koshebe, ba nisa da Maiduguri, aka ɗaure su aka yi musu yankan rago. Kashegari aka yi jana'izar mutum 43 a gaban Gwamnan Borno Babagana Zulum. Shekau ya mutu a dajin Sambisa a 2021, dubban mabiyansa sun miƙa wuya, an kuma rufe sansanonin gudun hijira na Maiduguri an mai da mutane yankunansu, amma har yanzu, da zarar kaka ta yi, akwai ƙauyukan da manomi ba ya girbe abin da ya shuka sai da rakiyar soja da 'yan sa kai, ko kuwa ya biya maharan abin da suke kira zakka.