Kafin Ka Miƙa Motarka Haibirid ga Bakanike

Tun da aka cire tallafin man fetur a Najeriya a watan Mayun 2023, mutane da dama suka fara leƙen motocin da ke haɗa injin fetur da na lantarki, irin su Prius da Camry haibirid. To amma ranar da fitilar gargaɗi ta kunnu, nan ake shiga tunani: garejin dillalin kamfani na da tsada, wani lokacin ma babu shi a garinku, shi kuma bakaniken unguwa ba ka da tabbas ya san motar.

Mu fara da abin da zai kwantar maka da hankali. Juyen baƙin mai, taya da sauran aikin ƙarƙashin mota duk kusan ɗaya ne da na kowace mota. Bambancin yana wajen lantarki.

Motar na da batir biyu. Akwai ƙarami mai volt 12 da ka sani, sai babban da ke bayan kujerar baya ko ƙarƙashinta. A Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, babban haɗin ƙananan batura ne guda 28, kowanne volt 7.2, jimilla kusan volt 200, inbata kuma na iya ɗaga shi zuwa 500. Wannan wuta tana kisa. Shi ya sa aka yi wayoyinta da launin ruwan goro. Don haka tambayi bakanike yadda yake yanke wutar kafin ya taɓa su. Wanda ya san aiki zai nuna maka fulogin tsaro da ake zarewa, ya ce yana jira kamar minti 10 ragowar wutar inbata ta sauka, ya auna da mita, kuma tun kafin ya zare fulogin yana sanye da safar hannu ta roba mai jure volt 1,000. In ya ce maka "ai mun saba", ɗauki makullinka.

Inda kuɗi suka fi zurarewa shi ne maganar babban batir. Kwamfutar motar tana bibiyar ƙananan baturan nan biyu-biyu, da zarar wasu sun yi ƙasa da 'yan'uwansu sai ta fitar da lambar P0A80, wadda ke nufin a sauya batir. Lambar ba ta faɗin dalili. Garejin kirki zai jona na'urar da ke karanta sashen haibirid, irin manhajar Techstream ta Toyota, ya nuna maka ƙarfin kowane rukuni yayin da mota ke jan wuta. Ƙaramar na'urar karanta lambobin inji kaɗai ba ta wadatar. Kuma zai fara duba ƙaramin batir, don in ya yi sanyi motar kan ƙi kunna alamar READY, ta watso fitilun da ba su da alaƙa da juna.

Sai fanka. Babban batir yana shan iska ne daga cikin mota, ta wata kafa kusa da kujerar baya. Ka tuna ƙurar hunturu da zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato. In fankar ta toshe, batir zai riƙa ɗumama, zafi kuwa shi ke saurin tsofar da shi. Wanda ya sa maka wani batir bai wanke fanka ba, ka biya ne kawai ka dawo.

Za a iya ce maka a canza ƙaramin batir ɗaya da ya mutu a bar sauran. Yana da araha, kuma yakan yi aiki, amma in ba a daidaita ƙarfinsa da na sauran ba, matsalar kan dawo. A ganinmu, kada ka yarda sai da garanti a rubuce.

Wani tarkon da ba a cika lura da shi ba shi ne na'urar sanyaya mota. A yawancin waɗannan motoci, kwampuresa da babbar wutar yake aiki, kuma man da ke cikinsa na musamman ne wanda ba ya ɗaukar lantarki, Toyota na kiransa ND-11. In mai ɗura gas na bakin titi ya zuba man da ya saba da shi, wuta na iya fara zurara, motar ta ƙi tashi gaba ɗaya. Kafin ya jona tiyo, ka ce ya nuna maka gwangwanin man.